Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Yadda Ake Jarraba Sabuwar Kwamfuta

FILIN KIMIYYA DA FASAHA

A makon jiya mun tsaya a daidai inda aka gama harhaɗa kwamfuta, aka ɗaure kowane ƙarfe a mazauninsa, aka danna maɓalli, fankoki suka juya, rubutu ya bayyana a kan allo. A nan ne galibin masu harhaɗawa sukan yi hamdala, su rufe akwati, su miƙa wa mai ita, a biya kuɗi a rabu. To, yau muna so mu nuna cewa tashin da na'ura ta yi bai isa shaidar lafiyarta ba, sa'an nan mu bayyana manhajojin da ake jarraba ta da su, da kuma waɗanda ake sa mata ido da su yayin da take cikin jarrabawar. Kusan dukkansu kyauta ne ga mai amfanin kansa, abin da suke ci kawai shi ne lokaci da wutar lantarki.

Kowa ya san cewa mai sayen doki ba ya wadatuwa da ganinsa a turke yana cin harawa. Sai ya sa an hau an yi sukuwa, kana ya saurari numfashinsa, ya dubi yadda yake taka ƙafa. Haka nan uwargida ba ta biyan kuɗin tukunya sai ta ƙwanƙwasa ta ji amonta, domin tsagar da ido bai gani ba kunne yana jin ta. Kwamfuta ma haka take. Buɗe Windows da buga wasiƙa ba su cin komai daga ƙarfinta, na'ura mai ciwo ma tana iya yin su wata da watanni ba tare da ta nuna wata alama ba. Aibin da ke ɓoye ba ya fitowa sai ranar da aka aza mata kaya mai nauyi, watau ranar da mai tace fim ya ba ta aikin awa shida, ko ranar da mai zanen gini yake sauri ya kai wa ɗan kwangila aiki, ko kuwa ranar da ɗalibai suka cika ɗakin jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 aka mai da ita ta kwamfuta gaba ɗaya. Na'urar da ta mutu a irin wannan rana, hasarar da ta jawo ta fi kuɗinta nesa ba kusa ba.

Injiniyoyi sun daɗe da lura cewa kayan lantarki a lokuta biyu suka fi mutuwa: suna jarirai, da kuma bayan sun tsufa. Wanda ya fito daga masana'anta da nakasa, a makonnin farko yakan faɗi, wanda ya tsallake wannan siraɗi kuwa yakan yi shekaru yana aiki lami lafiya. Saboda haka ne manyan kamfanoni sukan bar na'ura a kunne tana aiki tuƙuru kafin su sa ta a kwali. Amma wanda ya sayo firosesa a wannan shago, ram a wancan, katin hoto kuma a hannun ɗan gwanjo, ya zo ya haɗa su da kansa, babu wani kamfani da ya taɓa gwada waɗannan kaya a haɗe. Shi ne kamfanin, aikin gwajin kuwa a wuyansa yake.

Akwai kuma maganar lokaci. Ko a Computer Village ta Ikeja ka yi sayayya, ko a Farm Centre ta Kano, ko a Banex ta Abuja, kwanakin da mai shago zai yarda ka dawo masa da kaya ƙidayayyu ne. Gaskiya ne dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta ba mutum ikon mai da kaya mai aibi, kuma tun kafin ita malaman fiƙihu sun yi bayanin haka a babin ciniki. Amma ko a gaban hukuma ko a gaban alƙali, sai ka nuna aibin. Wanda ka gano a kwana na biyu, ga hujja a hannu, na mai shago ne. Wanda ya bayyana bayan wata shida kuwa, za a ce wutar gidanku ce ta ƙona shi, kuma ba ka da bakin musu.

FARA DA SANIN ABIN DA KA SAYA

Kafin a wahalar da na'ura, sai a fara tambayarta sunanta. Manhajar CPU-Z, wadda wani kamfanin Faransa mai suna CPUID yake yi, tana karanto ainihin sunan firosesa daga cikin jikinta, da yawan ƙwayoyinta, domin firosesar zamani ƙwaƙwalwa ce da yawa a cikin ɓawo guda. Tana kuma faɗin irin ram ɗin da aka sa da gudun da yake yi. Takwararta GPU-Z ita kuma katin hoto take tonawa. Amfanin wannan shi ne, rubutun da ke jikin kwali ana iya sauya shi, kuma akwai katunan jabu a kasuwa, watau tsofaffin katuna da aka sake wa suna don su yi kama da na zamani. Tun 2018 GPU-Z takan rubuta gargaɗi a gaban sunan irin waɗannan idan ta gane su.

A nan ne kuma mutum zai ga wani abu da kan ba masu sabon haɗi mamaki. Ya sayi ram na DDR5 wanda aka rubuta 6000 a jikinsa, sai ya tarar yana gudu a 4800. Ba cutarsa aka yi ba. Ram yana tashi ne da gudun da aka tabbatar kowace na'ura za ta ɗauka, sai an shiga BIOS an kunna abin da Intel ke kira XMP, AMD kuma ke kira EXPO, kafin ya kai gudun da aka rubuta masa. Sai dai a sani, wannan ƙarin gudu galibi ya wuce wanda masu ƙera firosesa suka ɗauki alhakinsa, don haka duk wanda ya kunna shi, lalle ne ya yi gwajinsa bayan kunnawar. Kada kuma mai karatu ya firgita in ya ga CPU-Z ta rubuta 3000 a maimakon 6000. Rabin lambar take nunawa, da yake ram yana aika saƙo sau biyu a kowane bugu.

Gargaɗi guda kafin mu wuce: waɗannan manhajoji a ɗauko su daga shafukan masu su kaɗai. A 2021 kamfanin MSI ya yi shela cewa 'yan damfara sun kafa shafin bogi da sunan manhajarsa ta Afterburner, suna raba wa mutane cuta. Kada a je neman magani a kwaso ciwo.

MAI GADI YA FARA ZAMA

Ba a fara kowane gwaji sai an zaunar da mai gadi. A jikin firosesa da katin hoto da faifan ajiya da babban allon da ake kira madabod akwai ƙananan ma'aunai masu yawa, wasu na zafi, wasu na ƙarfin wuta, wasu na juyin fanka. Manhajar HWiNFO, wadda ta fito daga ƙasar Sulobakiya, tana tattaro su duka a shafi guda, ta jera kowanne gida huɗu: abin da yake yanzu, mafi ƙanƙantar da ya kai, mafi girman da ya kai, da matsakaicinsa. Gidan mafi girma shi ne abin dubawa, domin shi yake riƙe labarin abin da ya faru lokacin da ka fita alwala. Masu aiki da Linux suna da lm-sensors, wadda ke yin irin wannan aiki.

Da farko ka bar na'urar ta zauna minti goma ba ta yin komai, ka dubi zafinta. Idan tana zaune haka nan amma firosesa ta haura digiri 70, kada ka ci gaba, akwai matsala a wajen sanyayawa. Ko dai ƙarfen sanyaya bai zauna daidai ba, ko an manta da man da ake shafawa tsakaninsa da firosesa, ko fanka ba ta juyawa, ko kuwa an bar 'yar ledar nan da masana'anta ke mannawa a gindin ƙarfen, wadda ta sha kunyata ƙwararru ma, balle 'yan koyo.

Kowace firosesa tana da iyakar zafin da masu ita suka yanka mata. Yawancin na Intel na kwamfutar tebur digiri 100 ne, na AMD samfurin Ryzen 7000 kuwa an gina yawancinsu su kai 95 suna aiki. Idan firosesa ta isa iyakarta, ba ƙonewa take yi ba, sai ta rage gudu don ta ceci kanta, kamar jakin da kaya suka yi wa yawa. HWiNFO tana da layin da ke faɗin ko hakan ta faru. Wanda na'urarsa ke rage gudu kullum, ya biya kuɗin ingarma yana hawan kuru. Can ƙasan shafin kuma akwai layin da ke ƙidaya kurakuran da Windows ta kama a jikin ƙarafa, mai suna WHEA. Wannan lamba sifiri ya kamata ta kasance daga farkon gwaji har ƙarshensa.

RAM NE FARKO

Ƙa'idar gwaji ita ce ɗaya bayan ɗaya, domin in aka matsa wa kowa a lokaci guda na'ura ta faɗi, ba a san wa za a kama ba. Ram ake farawa da shi, saboda duk wani aiki ta cikinsa yake bi, kuma in yana da ciwo sai ya shafa wa sauran kashin kaji. Ciwon ram mugun ciwo ne don ba ya ihu. Yau manhaja ta rufe kanta, gobe shuɗin allo ya bayyana, jibi fayil ya ƙi buɗewa, mutum yana ta zargin Windows alhali kuwa ƙwaya guda ce cikin biliyoyi take juya ɗaya ta koma sifiri.

Kada a ɗauka abin ba ya faruwa. A 2009 masu bincike na kamfanin Google da Jami'ar Toronto suka buga sakamakon nazarin da suka yi wa kwamfutocin kamfanin na tsawon shekara biyu da rabi, suka ce fiye da kashi 8 cikin 100 na sandunan ram sukan yi kuskure a kowace shekara. Waɗancan na'urori suna da ram mai gyara kuskurensa da kansa, galibin na gida da na ofis kuwa ba su da irinsa.

Manhajar wannan aiki ita ce MemTest86, wadda Chris Brady ya fara fitarwa a 1994, daga baya a 2013 kamfanin PassMark na Ostareliya ya saye ta. Akwai kuma reshenta mai suna Memtest86+, wanda aka sake ginawa a 2022. Ana zuba ta a filas, a tashi na'ura daga filas ɗin ba tare da an shiga Windows ba, don ta sami damar taɓa kowane lungu. Aikinta shi ne ta rubuta lambobi iri iri a kowane gurbi, ta dawo ta karanta, ta ga ko abin da ta ajiye shi ta tarar. Ta kyauta tana zagaye huɗu, wanda kan ci awoyi da yawa in ram ɗin yana da girma, don haka da dare ya fi dacewa a bar ta.

Hukunci a nan ba shi da sassauci: kuskure guda ɗaya faɗuwa ce. In ka gani, ka fara kashe XMP ko EXPO ka sake. Idan kuskuren ya ɓace, gudun ne ya yi yawa, sai a rage shi. Idan bai ɓace ba, ka zare sanduna ka gwada kowace ita kaɗai, sa'an nan ka sauya mata rami, domin wani lokaci ramin ne mai laifi.

FIROSESA DA LISSAFIN MERSENNE

Manhajar da ta fi shahara wajen gasa wa firosesa aya a hannu ita ce Prime95, kuma abin mamaki, ba don gwaji aka yi ta ba. A 1996 wani Ba'amurke mai suna George Woltman ya rubuta ta don farautar wasu manyan lambobi waɗanda ba su rabuwa sai da ɗaya ko da kansu, irin waɗanda ake kira da sunan Marin Mersenne, wani malamin coci na Faransa a ƙarni na 17. Har yanzu ana wannan farauta. A watan Oktoba na 2024 ƙungiyar da Woltman ya kafa ta gano wata lamba mai tsawon alƙaluma 41,024,320. Da yake kuskure guda yana ɓata lissafin makonni, sai Woltman ya sa wa manhajar wani sashe na jarrabawa, inda take ba firosesa lissafin da aka riga aka san amsarsa. In amsa ta saɓa, nan take sai ta tsai da ƙwayar da ta yi kuskure ta faɗi lambarta.

Masu irin wannan lissafi sun sha tona asirin manya. A 1994 Farfesa Thomas Nicely na Kwalejin Lynchburg a Amurka yana nazarin irin waɗannan lambobi sai ya gano cewa firosesar Pentium tana kuskure a wasu lissafan rabawa, abin da ya sa Intel ta ware dala miliyan 475 don musanya wa jama'a. A farkon 2016 kuma, masu amfani da Prime95 ne suka gano wani lissafi da ke sandarar da firosesar Skylake, har kamfanin ya amsa ya fitar da gyara ta hanyar BIOS. In masana'anta mai dubban injiniyoyi tana iya sakin aibi, ina ga abin da aka haɗa a kan benci a cikin kasuwa?

Prime95 tana da zaɓi da dama, biyu ne suka fi shafarmu. Small FFTs yana tsare lissafi a cikin firosesa, ya fitar da matuƙar zafin da za ta iya yi, watau shi ne gwajin ƙarfen sanyaya. Minti goma sha biyar na farko kada ka gusa, idonka a kan mai gadi. In zafi ya tsaya a wuri guda ƙasa da iyaka, ka bar shi ya cika awa guda. Blend kuwa yana haɗawa da ram da hanyar da ke tsakaninsu, zafinsa bai kai na farkon ba amma ya fi shi kama ɓarawo, kuma shi ake bari ya kwana. Na'urar da za a dogara da ita wajen neman abinci, wasu ma'aikata sukan ba ta yini da kwana cur.

Bayan haka sai Cinebench ta kamfanin Maxon na Jamus. Ita hoto take ba firosesa ta zana, sa'an nan ta ba ta maki. Ka kwatanta makin da wanda wasu suka samu da irin firosesarka. In naka ya yi ƙasa ƙwarai, wani abu yana danne ta, ko zafi ko wani saiti a BIOS. Prime95 tana faɗa maka ko na'ura tana lissafi daidai, Cinebench kuma tana faɗa maka ko ƙarfin da ka biya shi ka samu.

KATIN HOTO DA AKWATIN WUTA

A na'urar tace fim ko ta wasa, sau da yawa katin hoto ne mafi tsada, kuma shi aka fi saye na hannu. A tuna cewa a watan Satumba na 2022 aka daina haƙar kuɗin Ethereum da katunan hoto, sai katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka malalo kasuwannin gwanjo na duniya. An goge su sun yi fes, kyan ɗan maciji.

FurMark ita ce sananniya a nan. Wani zobe mai gashi take zanawa yana ta juyawa, zanen gashin kuwa yana jan wuta fiye da kowane wasa, don haka minti ashirin zuwa talatin sun isa. Abin da ake nema shi ne ɗige-ɗige masu launi, ko layuka, ko allo ya yi baƙi. A HWiNFO ka dubi zafi uku: na katin gaba ɗaya, na wuri mafi zafi a cikinsa, da na ram ɗinsa in yana nunawa. Idan wuri mafi zafi ya ɗara na gaba ɗaya da digiri ashirin da wani abu, masu gyara sukan ɗauka man sanyaya ya bushe ko ƙarfe bai kwanta daidai ba. Ram ɗin katin kuma da OCCT ake gwada shi, wata manhaja daga Faransa mai ƙidaya kurakurai ita ma.

OCCT ɗin dai ita ke da gwajin ƙarshe, inda take matsa wa firosesa da katin hoto a lokaci guda. Wannan jarrabawar akwatin wuta ce, watau ƙarfen da ke karɓar wutar gida ya raba wa sauran. Shi ne wanda aka fi yi wa rowa a wajen saye, alhali araha ba ta ado, kuma in ya mutu yakan tafi da maƙwabtansa. Idan a cikin wannan gwaji na'ura ta ɗauke ɗif, ba shuɗin allo ba sallama, to shi ne farkon abin zargi. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce layin bolt 12 kada ya sauka ƙasa da 11.4, kada ya haura 12.6, ko da yake mitar hannu ta fi manhaja gaskiya a wannan awo.

Akwai kuma abin da manhaja ba ta gani. A ƙarshen 2022 aka yi ta samun labarin narkewar bakin wayar wuta ta katin RTX 4090, kamfanin Nvidia kuwa ya ce binciken da ya yi ya nuna galibi ba a tura wayar ta shige sosai ba ne. Saboda haka a lokacin gwaji hanci da kunne ma ma'aunai ne. Da ka ji ƙaurin roba, ka zare wuta.

FAIFAN AJIYA

Kowane faifai, mai juyawa ne ko SSD, yana riƙe da littafin tarihin kansa wanda ake kira SMART. Manhajar CrystalDiskInfo ta Japan tana buɗe shi, ta nuna awoyin da faifan ya yi a kunne, da sau nawa aka kunna shi, da yawan guraben da suka lalace. Shekara guda awa 8,760 ce. Faifan da aka sayar maka a matsayin sabo, ka ga ya yi awa 20,000, ya haura shekara biyu yana bauta wa wani. Sai dai ɓarayi ma suna karatu. A farkon 2025 jaridun fasaha na Jamus suka fallasa yadda wasu 'yan damfara suka goge wannan lissafi a tsofaffin faifan Seagate suka sayar da su a matsayin sababbi, ba a kama su ba sai da aka duba wani littafi na biyu mai suna FARM da ke cikin faifan.

Ga filas da SSD mai arahar da ta wuce hankali kuwa, akwai H2testw, wadda mujallar c't ta Jamus ta fitar. Tana cika ma'ajin da rubutu har baki, ta dawo ta karanta. Wanda aka rubuta wa gigabait dubu alhali cikinsa talatin da biyu ne, a nan asirinsa ke tonuwa.

ZAFINMU DA WUTARMU

Alƙaluman zafi da mai karatu zai gani a mujallun Turai, a ɗakuna masu sanyin digiri ashirin da 'yan kai aka auna su. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take turawa, don haka duk digiri guda da ɗaki ya ƙaru, kusan digiri guda firosesa za ta ƙaru. A Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu zafi yakan haura digiri 40. Na'urar da ta tsaya a 85 a shago mai na'urar sanyaya ɗaki, ko a Jos cikin hunturu, tana iya dukan iyakarta da ta isa can. Saboda haka a yi gwaji a ɗakin da za ta zauna, da tsakar rana, akwati a rufe kamar yadda za a yi aiki da ita. Bayan ƙurar hunturu ta wuce kuma a busa ta, a sake dubawa.

Wuta ita ma sai an yi mata shiri. In aka ɗauke ta da tsakar dare, da safe ba za ka san ko na'ura ce ta faɗi ko unguwa ce ta yi duhu ba, littafin Windows kuwa abin da zai rubuta kawai shi ne Kernel-Power 41, watau na'ura ta mutu ba sallama, ba ya faɗin dalili. A sa UPS, amma wanda ya isa. Ƙaramin nan mai lamba 650VA galibi bai kai wat 400 ba, na'ura mai babban kati kuwa tana iya jan fiye da haka a cikin gwaji, sai a ɗora wa akwatin wuta laifin da ba nasa ba. Sabunta BIOS kuma kada a kuskura a yi shi ba UPS, domin yankewar wuta a tsakiyarsa tana iya kashe madabod.

IYAKAR GWAJI

Na'urar da ta ci jarrabawa yau, lafiyarta ta yau aka tabbatar. A 2024 Intel ta amsa cewa wasu firosesocinta na zubi na 13 da na 14 suna neman ƙarfin wuta fiye da kima, abin da ke cin su a hankali har su fara faɗuwa bayan watanni. Ta fitar da gyara ta BIOS, ta ƙara musu garantin shekara biyu, amma wadda ta riga ta lalace sai musanya. Duk mai irin wannan firosesa ya tabbata an sabunta masa BIOS. Haka kuma binciken da Google ya buga a 2007 a kan faifai fiye da 100,000 ya nuna cewa kashi 36 cikin 100 na waɗanda suka mutu ba su ba da wata alama a SMART ba. Don haka ajiye kwafin aiki a wuri na biyu yana nan a kan wajabcinsa.

Abu na ƙarshe shi ne rubutu. Ka ɗauki hoton sakamakon kowane gwaji, ka rubuta kwanan wata da zafin ɗaki, ka haɗa da rasit ka adana. In kaya ya faɗi, hujjarka ke nan a gaban mai shago. In bai faɗi ba, bayan shekara guda kana da abin kwatantawa, ka san ko na'urarka ta fara tsufa.

Muna kira ga masu sana'ar harhaɗa kwamfuta da su mai da wannan takarda wani ɓangare na aikinsu, su riƙa miƙa ta tare da na'ura, ko da za su ƙara wani abu a kan ladansu, domin sai an gwada akan san na ƙwarai. Masu saye kuma, makarantu da ofisoshi da ɗaiɗaikun jama'a, su sa sharaɗi tun wajen ciniki cewa ba za a cika kuɗi ba sai an kwana biyu ana gwaji. Mai shagon da ya amince da kayansa ba zai ƙi ba, wanda ya ƙi kuwa ya riga ya ba ka amsa.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake zaɓen UPS da sitabilaiza daidai da nauyin na'ura. Mu kwana nan.